Tahƙiƙin Jerin Faya-fayan Mawaƙa

Daga cikin ayyukan da ma'abota rubutu a kundin ilmi na Wikipedia suke ɗora wa kansu, akwai tattara faya-fayan da wani mawaƙi ko wata ƙungiyar makaɗa ta fitar, a jera su bi da bi, kowanne da sunansa da shekararsa da kamfanin da ya buga shi. Al'adarsu kuwa, idan marubuci ya kammala, yakan miƙa aikin ga 'yan'uwansa su bi shi layi-layi, suna neman hujjar kowane suna da kowace shekara, abin da ya rasa madogara a yi masa alama ko a share shi. Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin magabata ba su karɓar riwaya sai sun san isnadinta, sun kuma auna adalcin masu riwayar.

Ga mawaƙan Turai al'amarin da sauƙi, tun da kamfani yakan buga lamba da shekara a jikin faifai, jaridu kuma su ba da labarin fitowarsa. Namu ba haka yake ba. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999, ya yi faya-fayai da kamfanin EMI, amma waɗannan ɗan kaɗan ne daga abin da ya bari, saboda mafi yawan waƙoƙinsa a gidajen rediyo aka ɗauke su, ko a filin biki, inda wani mai rikoda ya ajiye ta kusa da masu kalangu. Waƙarsa Bakandamiya kaɗai ya rera ta sau da dama, yana ƙari yana ragi gwargwadon wuri da mahalarta, har ya zama wajibi mai jeri ya bambance tsakanin waƙa da ɗauka, ya faɗi wacce yake nufi, ta ina, kuma ta yaushe. Wanda ya haɗe su a layi ɗaya ya tauye tarihi, wanda kuma ya ƙirga kowace ɗauka a matsayin sabuwar waƙa ya kumbura adadi ba bisa haƙƙi ba.

Sai kuma fitinar suna. Makaɗin baka bai cika raɗa wa waƙarsa suna ba. Masu sayar da kaset ne suka riƙa rubuta abin da ya sawwaƙa a bayan kwali, wani ya kira ta da amshinta, wani da sunan wanda aka yi wa, yau kuma masu tura waƙa a waya, irin waɗanda ake samu a kasuwar Wunti ta Bauchi, sun gaji waɗannan sunaye sun ƙara nasu. Haka waƙa guda takan shiga jeri sau uku, a wasu lokutan ma a jingina ta ga wanda bai yi ta ba, alhali mai kunne ya san kuntigin Ɗanmaraya Jos ba ya ɓoyuwa.

To, da me mai bita zai yi hukunci idan babu shekara a rubuce? Sau da yawa shaidar tana cikin matanin waƙar. Mu ɗauki misali da nan Bauchi: waƙar da ta ambaci Sarki Adamu Jumba yana bisa gadon sarauta ba ta wuce 1982 ba, shekarar da Sulaiman Adamu ya gaje shi, waƙar kuwa da ta ambaci Jihar Arewa maso Gabas tana tsakanin 1967 da 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. Ambaton naira yana nuna an yi ta daga 1973 zuwa sama. Amma a yi hattara da fam da sule, gama bakin jama'a bai saki waɗannan sunaye ba shekaru da yawa bayan canjin kuɗi, saboda haka dalili ne mai rauni, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai.

Irin wannan istinbaɗi, duk da amfaninsa, ƙa'idar Wikipedia ba ta yarda marubuci ya shigar da shi da kansa ba, sai abin da aka riga aka wallafa. A ganina wannan sharaɗi daidai ne, ko da yake yana da tsanani a kanmu, domin littattafai irin su Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, ba su da yawa, makaɗan fada da na ƙauyukan ƙasar Bauchi kuwa akasarinsu suna jiran mai rubuta su.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ya gaji faifan garmaho ko tsohon kaset, kada ya yar da kwalinsa. Ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya rubuta inda aka samo shi. Ɗaliban Hausa kuma su nemi tsofaffin ma'aikatan gidan rediyon Bauchi da 'yan amshin da suka rage da rai, su ji daga bakinsu, su wallafa, don masu bita su sami abin kafa hujja.