Gargaɗi: Kada Ki Sha Clomid Sai Likita Ya Duba Ki

Wannan kira ne ga matan aure da ke neman haihuwa, da mazajensu, da iyaye mata, da masu shagunan kemis. Ƙwayar nan da ake kira Clomid ta shiga hannun jama'a, ana sayenta babu takardar likita, ana ba wa juna ita kamar maganin ciwon kai, wasu ma suna kiranta maganin haihuwar tagwaye. Wannan ɗabi'a tana iya jefa mace cikin haɗarin da ba ta zata ba, kuma dole a daina ta tun da wuri.

Mun san halin da ake ciki. Amarya ta shekara biyu a ɗaki babu ko ɓari, dangin miji sun fara gugar zana, ana ta maganar ƙarin aure. Sai wata ƙawa ta ja ta gefe a gidan suna ta ce, "Ƙawata, ni ma ita na sha na samu cikin nan." Bayan magariba amaryar ta aiki yaro kemis da sunan maganin a rubuce a gutsuren takarda. Ba wanda ya tambaye ta yaya al'adarta take, ba wanda ya yi mata hoton mahaifa, ba wanda ya ce a auna mijinta.

Maganin na gaskiya ne, sunansa na asali kulomifin, an amince da shi a Amurka tun 1967, kuma mata da yawa sun haihu ta sanadiyyarsa da izinin Allah. Aikinsa guda ɗaya ne. Yana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa sinadarin estirojin ya yi ƙaranci a jiki, sai ta ƙara sako sinadaran da ke nunar da ƙwan haihuwa ya fito. Don haka an yi shi ne domin macen da ƙwanta ba ya fita a kan kari, kamar wadda al'adarta ke tsallake watanni. Likita kan fara da miligiram 50 a kullum na kwana 5 kacal a farkon al'ada, ya bibiyi yadda ƙwan ke girma, kuma yawanci ba a wuce zagaye 6.

Idan bututun mahaifa ne ya toshe saboda wani ciwon sanyi da ya daɗe, ko ki sha kwali goma ba zai buɗe ba. Idan matsalar daga maniyyin maigida take, ƙwayar da kike sha ba ta kai wurinsa. Shan ta wata bayan wata ma yana iya mayar da hannun agogo baya, domin tana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, ta kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri, maniyyi ya kasa wucewa.

Batun tagwaye kuwa, a cikin mata 100 da suka yi ciki da wannan magani, kusan 5 zuwa 10 ne kawai ke samun su. Cikin tagwaye kuma yana zuwa da nauyinsa: hawan jini, jijjiga, ƙarancin jini, haihuwar bakwaini, zubar jini bayan haihuwa, da yawan bukatar tiyata. Macen da ke nesa da asibitin da ke da jini a ajiye da kwalbar renon bakwaini, ta yi tunani sosai kafin ta jawo wa kanta wannan da hannunta.

Wasu illolin masu sauƙi ne, kamar jin zafi ya taso a fuska da ƙirji, ciwon kai, tashin zuciya, ciwon nono, kumburin ciki kaɗan da saurin fushi. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Ki dakatar da maganin, ki tafi asibiti nan take idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Gani ya dushe, ko kina ganin walƙiya ko ɗigo-ɗigo a idonki.
Ciwon mara mai tsanani, ko ciki ya kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu.
Amai ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya ragu sosai.
Numfashi na yi miki wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.

Ciwon mara da kumburin nan na iya nufin ma'ajiyar ƙwai ta kumbura fiye da kima, ruwa ya fara taruwa a ciki. Ba kasafai yake faruwa da ƙwayar ba, ya fi yawa ga masu allurar haihuwa, amma idan ya yi tsanani yana iya kisa. Matsalar ido kuma wani lokaci ba ta warkewa ko an daina sha. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mai juna biyu ba ta shan wannan magani, haka mai ciwon hanta, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, da wadda ke da ƙari a ma'ajiyar ƙwai. Sau da yawa mace ba ta san tana ɗauke da ɗaya daga cikinsu ba sai an yi gwaji.

Maigida, rashin haihuwa ba laifin mace ba ne, kuma sau da dama matsalar daga namiji take. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha a cikin gwaje-gwajen, ka raka iyalinka a fara da kai. Iyaye, ku sassauta wa 'ya'yan mutane, matsin lambarku ne ke tura su kemis da dare. Masu kemis, ku ji tsoron Allah, kada ku miƙa wannan ƙwaya ga wanda bai zo da takardar likita ba.

'Yar'uwa, idan kun shekara ɗaya kuna nema babu ciki, ko wata 6 idan kin kai shekara 35, ku je wurin likitan mata ku biyu. Idan kin riga kin fara sha da kanki, ki ajiye, ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, ki faɗa masa gaskiyar yawan da kika sha. Haihuwa ta Allah ce, lafiyarki kuma amana ce a hannunki. Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba.