Hoton Gari Ba Sai Ranar Tashin Hankali Ba

Yau maganar hoto za mu yi, irin wanda ake ɗauka da wayar hannu a bakin kasuwa ko a gindin bishiya, wanda ba na biki ba kuma ba na siyasa ba.

Ku gwada wani abu. Rubuta Zurmi ko Shinkafi a Google, ka danna wajen hotuna. Me za ka gani? 'Yan bindiga a kan babura, gidajen da aka ƙone, mata da ƙullin kaya a ka. Wasu hotunan ma ba a Zamfara aka ɗauke su ba, jaridu ne ke ta maimaita su duk lokacin da wani abu ya faru. Ba na cewa abin bai faru ba, mu da muke ciki mun fi kowa sani. Amma yaron da aka haifa bana, in ya girma ya nemi yadda garinsu yake a wannan zamani, wannan kaɗai zai tarar. Ba zai ga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ta cika ta batse ba, ba zai ga masu fadama a bakin gulbin Gagare ba, balle ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura suna jiran mai shayi da sassafe.

Ga misali a gida. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ne ƙarshensa, daga nan ake lodin gyaɗa da auduga zuwa kudu. Shekaru da yawa tasha tana aiki, amma je ka tambayi dattawan gari hoton ranar lodi. Labari za su ba ka da baki. A lokacin kyamara sai Bature ko mai hali. Mu kuwa kowa da tasa a aljihu, sai dai fuskarmu kawai muke ɗauka.

A Bamako an yi wani mai hoto, Malick Sidibé. Samari da 'yan mata ya riƙa ɗauka a wajen rawa da bakin kogi tun shekarun 1960, abin da mutane suka ɗauka shirme ne. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice. A Birtaniya kuma tun 2005 'yan sa-kai suke wani aiki mai suna Geograph, suna ƙoƙarin ɗaukar hoton kowace murabba'in kilomita ta ƙasar: gada, kasuwa, tsohon shago. Ba ƙwararru ba ne. Abin da ya ba aikin daraja shi ne kowane hoto da wurinsa da ranarsa.

To nan ne gizo ke saƙa a wajenmu. Hoton da ba rana ba wuri, bayan shekara biyar ba shi da amfani, kowa na iya cewa na ko'ina ne. Amma a yankinmu faɗin wuri da lokaci yana iya jawo wa mutum bala'i. Ka ɗauki garken shanu a kara, ka sa a Facebook nan take da sunan kasuwa, wa ka yi wa aiki? Don haka ni shawarata, a raba ɗauka da wallafawa. Ɗauka yau, rubuta rana da wuri a littafinka, wallafa bayan kasuwa ta tashi, ko bayan wata guda. Wani hoton ma ajiye shi za ka yi shekaru, ba komai.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba. In an kunna alamar wuri a kyamarar waya, hoton yana ɗauke da daidai inda ka tsaya, a ɓoye cikinsa. In ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, za a matse shi, ingancinsa ya ragu, wannan bayanin ya goge. In ka tura a matsayin fayil, yana zuwa da kyansa, amma har da wurin. Kashe ta tun kafin ka fita.

Kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro, ko na sojoji ko na Askarawa. Kada ka ɗauki hanyoyin shiga gari. A inda ake zargin infoma, baƙon da ya ɗaga waya ba bayani yana wasa da ransa ne, wallahi. Fara da unguwarku inda aka san ubanka. Ka yi sallama, ka ce “Baba, ina son in ɗauki hoton rumfar nan, ka yarda?” In ya ce a'a, shi ke nan. In ya yarda, nuna masa abin da ka ɗauka. Matan aure kuwa, 'yan'uwanmu mata ne ya kamata su riƙe wannan ɓangaren, don su ke shiga inda ake dakan fura da suyar ƙuli-ƙuli, kuma da izinin masu gida.

Batun haske ba shi da wuya. Da hantsi ko bayan la'asar, rana a bayanka. Goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura. Matsa kusa da ƙafarka maimakon jawo hoton da yatsa.

Sai ajiya. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Wanda hotunansa ke kan intanet kaɗai, makonni bai gan su ba. Wanda nasa ke waya kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta a hanya, an gama. Ajiye wuri biyu: katin memori a gida, kwafi a intanet. Waɗanda ba su da hatsari, kamar tsohuwar tashar jirgi ko ƙofar fada, ana iya ɗora su a Wikimedia Commons, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa ke ɗauko hotuna kyauta, da sunanka a jiki.

Wanda ke da tsohon hoton tashar Ƙaura a akwatin kakansa, don Allah ya yi mana magana ta saƙo. Sai mun haɗu a shiri na gaba.