Gasar Kamfanonin Talabijin da Matsayin Hausa a Kasuwar Ose Okwodu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda gasa tsakanin kamfanonin talabijin na kebul da na tauraron ɗan'adam ta shafi harshen Hausa a kurmi. An ɗauki misali daga Hausawa masu fataucin kayan abinci a Kasuwar Ose Okwodu ta Anaca, waɗanda 'ya'yansu ke tashi cikin Ibo da Burokan Ingilishi.

2.0 Doka da Gasa

Kafin 1992, gwamnati kaɗai ke da ikon mallakar gidan talabijin a Nijeriya. Dokar Soja mai lamba 38 ta shekarar ce ta kafa hukumar NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. MultiChoice ya shigo a 1993, StarTimes kuma a 2010 bisa haɗin gwiwa da NTA.

Babban abin da ake taƙaddama a kai shi ne mallakar shiri kacokam, musamman ƙwallon Ingila. HiTV, wanda ya fara a 2007 da ƙarfin wannan ƙwallo, ya durƙushe a 2011 bayan ta kuɓuce masa. A 2020 NBC ta hana irin wannan babakere, amma Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta soke dokar a 2022. A shekarar ce kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Fatakwal ta goyi bayan kamfanin Metro Digital a shari'arsa da MultiChoice kan sayar masa da tashoshi.

3.0 Tasiri a Kan Harshe

Bambancin na'ura ne ya haifar da bambancin harshe. Kamfanin kebul gari guda yake wa hidima, don haka harshen masu rinjaye a garin yake bi, Bahaushen Anaca ko na Inugu kuwa ɗan tsiraru ne. Tauraro shi ƙasa duka yake lulluɓewa, saboda haka ana ƙirga wannan Bahaushe tare da miliyoyin 'yan'uwansa na Arewa. Ta haka ne Africa Magic Hausa (2010) da Arewa24 (2014) suka isa gaɓar Kwara.

Sai dai Hausar da ke isowa galibi Kananci ce ta finafinai. Ɗan Basakkwacen da aka haifa a Ose yana jin karin iyayensa a gida, yana jin wani a akwati.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa riba ce ta kai Hausa kurmi, rigimar doka kuwa ta fi karkata ga ƙwallo da farashi. Abin da riba ta kawo, faɗuwa na iya janye shi. Ya kamata masana harshe su sa baki a duk lokacin da NBC ke bitar ƙa'idojinta, domin harsunan baƙi mazauna birane su sami gurbi tabbatacce.