Ƙarancin Ma'aikata da Galabaitar Waɗanda Suka Rage a Asibitocin Gwamnati

Asibitocin gwamnati a Nijeriya suna fama da matsaloli biyu waɗanda kowace take haifar da 'yar'uwarta, wato ƙarancin ma'aikata da kuma galabaitar waɗanda suka rage a bakin aiki. Idan likita ɗaya ya ajiye aiki, marasa lafiyar da yake dubawa ba sa raguwa, sai dai a raba su ga abokan aikinsa, kuma wannan ƙarin nauyi shi ne yake sa wani daga cikinsu ya fara neman hanyar fita. Saboda haka ba a iya fahimtar dogon layin da ake tararwa a sashen karɓar kati, ko amsar "babu gado" da ake ba masu jinya, sai an duba matsalolin biyu a haɗe.

A watan Maris na 2024, Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitocin da suke da lasisin aiki a ƙasar sun kai kimanin 55,000, kuma kusan 16,000 sun bar ta cikin shekaru biyar. Idan aka auna wannan adadi da al'ummar da ta haura miliyan 200, za a ga likita ɗaya yana ɗauke da mutum kusan 4,000. A farkon shekarar 2024 ɗin ne kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ce kimanin 42,000 daga cikin waɗanda ta yi wa rajista sun fice cikin shekaru uku. Galibinsu suna nufar Birtaniya da Amurka da Kanada da Saudiyya ne, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 waɗanda bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba, jerin da bai hana ma'aikaci neman aiki da kansa ba.

Wancan lissafi na likita ɗaya ga mutum kusan 4,000 yana ɓoye rashin daidaiton rabo, domin kaso mai yawa na likitocin yana Legas da Abuja da sauran manyan birane. An gina tsarin lafiyar ƙasar bisa matakai uku: ƙananan asibitoci na matakin farko waɗanda asalinsu nauyin ƙananan hukumomi ne, manyan asibitoci na jihohi, sai asibitocin koyarwa na tarayya irin su na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato. Tun da albashin tarayya ya fi na jihohi da dama, ma'aikaci yakan tashi daga ƙauye zuwa birni, daga jiha zuwa tarayya, sannan daga tarayya zuwa ƙetare, ta yadda giɓin yake taruwa a matakin da talaka ya fi buƙata. A karkarar Arewa, inda iyalai da yawa suka fi son mace ta duba mace, rashin ungozoma yana cikin dalilan da suke sa mafi yawan mata haihuwa a gida, a ƙasar da take ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan duniya da suke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa.

Galabaitar aiki, wadda masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya yi fice wajen bayyana ta a 1974, ta bambanta da gajiyar da barcin dare ɗaya yake warewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a kundinta na rarrabe cututtuka a matsayin yanayin da matsin aiki mai ɗorewa yake haifarwa, ba cuta mai zaman kanta ba, kuma ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci har mutum ya daina jin ciwon abin da yake gani, da raguwar ingancin abin da yake yi. Waɗanda suka fi shiga wannan hali su ne likitoci masu neman ƙwarewa, wato waɗanda suka kammala digiri suke samun horo a wani fanni na musamman, domin su ne suke riƙe da aikin kwana a asibitocin koyarwa, kuma idan hannu ya yi kaɗan, wanda ya kwana a ɗakin tiyata shi ne zai wayi gari yana zagayen marasa lafiya.

Alama ta biyu ita ce wadda jama'a suka fi cin karo da ita, kuma suka fi yi mata mummunar fahimta. Kukan da ake yi kan tsawar nas a ɗakin haihuwa, ko likitan da yake rubuta magani bai ɗaga kai ba, kuka ne na gaskiya, kuma babu uzurin da yake halatta wulaƙanta majiyyaci. Amma ɗora shi kacokan a kan mugun hali yana kawar da ido daga yanayin da yake busar da tausayi. Ma'aikacin da bai yi barci ba ya fi saurin kuskure wajen auna magani ko lura da majiyyacin da jikinsa ya rikice, majiyyacin da aka ɓata wa rai kuma yakan koma kemis, ba ya dawowa sai ciwo ya ci jiki, lokacin da jinyarsa ta fi wuya da tsada.

Tushen lamarin yana komawa ga kuɗi da yanayin aiki. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kason gwamnatin tarayya ya daɗe yana kewayen kashi 5. Alawus ɗin haɗarin aiki ya shafe shekaru masu yawa a kan naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara nisa tsakanin albashin gida da na waje. Rashin tsaro ma ya shigo ciki, har ƙungiyar NARD ta likitoci masu neman ƙwarewa ta yi yajin aikin gargaɗi a Agustan 2024 saboda wata likita da aka sace a Kaduna. Ƙungiyar, wadda ta yi yajin aikin wata biyu a 2021, ta daɗe tana neman a ba asibitoci damar maye gurbin duk wanda ya tafi nan take, maimakon jiran izinin ɗaukar ma'aikata daga Abuja.

Matakan da aka gwada sun kasu gida biyu. Wasu na ɗaurewa ne, kamar ƙudurin da aka gabatar a Majalisar Wakilai a 2023 na hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekaru biyar a gida, wanda ya gamu da turjiya mai ƙarfi. Wasu kuma na ƙara hannu ne, kamar shirin tura ungozomomi karkara na 2009, da manufar 2014 ta miƙa wasu ayyuka ga jami'an lafiyar al'umma bayan an horar da su, da faɗaɗa guraben ɗalibai a makarantun lafiya. A Agustan 2024 gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta yi maganar kyautata yanayin aiki da daidaita sa'o'insa.

Yaye sababbin ma'aikata alheri ne, sai dai idan ba a gyara abin da yake korar na da ba, ya zama ɗura ruwa a tulu mai yoyo, musamman da yake masu tafiyar sun haɗa da ƙwararrun da ya kamata su koyar da na baya. Abin da yake riƙe ma'aikaci sananne ne: albashi a kan kari, iyaka ga sa'o'in aikin kwana da hutu bayansa, gida da tsaro ga wanda aka tura ƙauye, wuta da ruwa da kayan aiki, da ɗaukar 'yan matan karkara a horar da su don su koma su yi wa garuruwansu aiki. Mafi yawan waɗannan suna hannun gwamnonin jihohi da majalisunsu, don haka ya kamata jama'a su riƙa tambayar adadin ma'aikatan da aka ɗauka da waɗanda suka zauna, kamar yadda suke tambayar adadin asibitocin da aka gina.