Hanyar da Kakana Ya Ɗauko a Kwando

Duk lokacin da motarmu ta bar Garwa ta nufi Marwa, sai in tuna da kakana. Yakan nuna mini tsakiyar kansa inda gashi ya daina fita, ya ce, "Ɗan nan, kwandon jar ƙasa ne ya yi mini askin nan."

Daga Katsina ya zo yana saurayi, neman fatu. Da rani yakan bi maharba bakin Binuwai: kada a haska shi da fitila cikin dare a soke shi, guza da mesa kuwa a kama su da tarko. Shi kuma ya saya, ya sa gishiri, ya shanya a inuwa, don rana tana sa fata ta tsage.

Sai ga yaƙin Hitila. A watan Agustan 1940 Kamaru da Cadi suka bi Janar de Gaulle, dakarun Leclerc suka taru a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Mai da kayan yaƙi kan hauro Binuwai ta Najeriya zuwa tashar ruwa ta Garwa, amma sai da damina kogin ke ɗaukar jirgi. Daga nan motoci ne za su kai su arewa, ga hanya ta laka. Aka ɗora wa sarakuna kawo mutane, kakana ya faɗa cikin waɗanda aka ɗiba. Diga, shebur, kwando a ka, abinci ba ya kai ciki. Sai a 1946 Faransa ta soke aikin tilas.

Bayan yaƙi hanyar ta zame masa arziki: fatun da jaki ke kwanaki da su, mota ta kai a yini guda. Amma yadda ta sauƙaƙa masa, haka ta sauƙaƙa wa kowa, har kada ya fara wuyar gani. A 1968 aka mai da dazukan Waza da Binuwai gandun da ba a farauta. Abokansa da suka nace, wasu jari ya ƙare, wasu suka kwana a gidan kaso. Shi kam tun da wuri ya koma ƙirgin shanu da fatar awaki, kuma a kansu muke ci har yau.

'Yan'uwa fatake, in kun bi hanyar nan da yaranku, ku gaya musu wanda ya ɗauko ƙasarta. Allah Ya jiƙansu.