Idan gwamnati ta rushe, wa ke gadin ƙwayoyin cuta?

A ranar 25 ga Afrilun 2023, kwana 10 da ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wakilin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasar, Dakta Nima Saeed Abid, ya shaida wa manema labarai cewa mayaƙa sun mamaye babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa da ke Khartoum, sun kuma kori ma'aikatansa. A cikin ginin akwai samfurin ƙwayoyin cututtukan ƙyanda da kwalara da shan-inna. Hukumar ba ta ambaci ɓangaren da ya yi mamayar ba.

Irin wannan ɗaki ba ma'ajiyar makamai ba ce. Kusan kowace ƙasa tana da shi, domin a can ake tantance cututtuka idan annoba ta ɓulla. Sai dai amincinsa ya rataya ne a kan abubuwan da gwamnati mai ci kaɗai ke iya tabbatarwa: wutar lantarkin da ba ta yankewa don na'urorin sanyaya, masu gadi, da ma'aikatan da suka san abin da ke cikin kowace kwalba. Yaƙi kuwa yakan tafi da su a dare guda. Haka aka sake gani a ƙarshen Janairun 2025, lokacin da 'yan tawayen M23 suka kutsa birnin Goma na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta yi gargaɗin cewa katsewar lantarki na barazana ga wani ɗakin gwaje-gwaje da ke ajiye da samfurin Ebola.

Ya dace a auna haɗarin daidai gwargwadonsa. Cututtukan da aka ajiye a Khartoum ba baƙi ba ne a nahiyar Afirka, kuma samun ƙwayar cuta a hannu daban yake da iya mayar da ita makami. Ƙungiyar asiri ta Aum Shinrikyo a Japan tana da kuɗi da masu digiri a fannin kimiyya, amma da ta fesa ƙwayoyin antaraks, wato ciwon saifa da makiyaya suka sani, a birnin Tokyo a 1993, babu wanda ya kamu. Da iskar guba ta sarin ta yi kisa a 1995. Wasiƙun antaraks da suka kashe mutum 5 a Amurka a 2001 kuwa, hukumar FBI ta ce daga wani ɗakin binciken sojin ƙasar ƙwayoyin suka fito. Wato mai gwaninta da ke ciki ya fi ɗan bindigar da ya fasa ƙofa zama abin tsoro.

Wannan ne ya sa rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta hana manyan ƙasashe barci. Tun farkon shekarun 1970 ƙasar ke gudanar da shirin sirri mai suna Biopreparat, wanda ya ɗauki dubun dubatar ma'aikata. A 1979 ƙwayoyin antaraks sun sulale daga wata cibiyar soji a Sverdlovsk suka kashe mutum fiye da 60, hukumomi suka ɗora laifin a kan gurɓataccen nama, sai a 1992 Shugaba Boris Yeltsin ya amince cewa daga wajen soji abin ya fito. Da tarayyar ta watse, masana'antar Stepnogorsk ta faɗa hannun sabuwar ƙasar Kazakistan, tsibirin gwaji na Vozrozhdeniya da ke tekun Aral ya zama kufai, masana kuma suka shiga watanni babu albashi. Amurka ta ɓullo da shirin Nunn-Lugar, wanda ya kashe kuɗi wajen rusa cibiyoyin da samar wa masanan aikin farar hula. Sai a 2002 aka kammala lalata antaraks ɗin da aka binne a tsibirin. A wancan karon akwai gwamnatocin da za a zauna da su a yi yarjejeniya, ko da raunana ne.

A nan ne giɓin dokokin duniya yake. Yarjejeniyar haramta makamai masu ɗauke da ƙwayoyin cuta, wadda aka sanya wa hannu a 1972 ta fara aiki a 1975, tana da mambobi fiye da 180, ciki har da Najeriya da Sudan. Amma ba ta da sufetoci masu zuwa su duba, saɓanin ta makamai masu guba wadda ke da cikakkiyar hukuma a birnin Hague. Yunƙurin samar mata tsarin bincike ya wargaje a 2001 bayan Amurka ta yi watsi da daftarin, kuma ofishin da ke kula da ita a Geneva ma'aikatansa ba su kai yatsun hannu biyu ba.

Ƙuduri mai lamba 1540 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar a Afrilun 2004 ya wajabta wa kowace ƙasa ta kafa dokoki da matakan da za su hana ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai samun irin waɗannan kayayyaki. Ƙudurin da yarjejeniyar duk a wuyan gwamnati suka ɗora alhakin, kuma babu wanda ya fayyace wanda zai karɓi makullin ɗakin gwaji idan ita gwamnatin ce aka fatattaka daga babban birninta. Taron bitar yarjejeniyar karo na 9 da aka yi a Geneva a ƙarshen 2022 ya kafa kwamitin aiki da zai sake duba batun bincike da tabbatar da bin doka. Bayan wata huɗu da rufe taron aka mamaye ɗakin gwaje-gwajen Khartoum.