Allurar Rigakafi da Lissafin Ɗan Kasuwa: Darasi Daga Wunti

A watan Maris na 2020, labarin cewa Gwamna Bala Mohammed na Jihar Bauchi ya kamu da cutar korona ya nuna wa 'yan kasuwar Wunti cewa annobar ta iso gida. Ba a jima ba gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, abin da ya jawo tsaiko wajen sarin kaya daga Kano da Legas, ciniki kuma ya ja baya.

Duk da wannan hasara, lokacin da allurai kusan miliyan 4 na AstraZeneca suka sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, jama'a da dama ba su yi ɗokin miƙa hannu ba. Dalili na farko shi ne tarihi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya haɗa da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ɗora alhakin a kan cutar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na daga cikin abubuwan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, kuma ba a koma ba sai a 2004, bayan an samo allurar daga Indunusiya.

Na biyu shi ne lissafin yau da gobe. Allurar kyauta ce, amma mai ƙaramin jari wanda sai ya fita zai ci, yakan auna yinin da zai rasa a layi da zazzaɓin da kan biyo baya. Lalata allurai fiye da miliyan 1 da wa'adinsu ya ƙare a Disamba 2021 ya ƙara wa masu shakka hujja.

Na uku kuwa bukata ce. Daga 1 ga Disamba, 2021 aka wajabta wa ma'aikatan tarayya nuna shaidar rigakafi ko ta gwaji. Haka nan Saudiyya, wadda ta hana mahajjata daga ƙasashen waje zuwa a 2020 da 2021, ta sanya rigakafi cikin sharuɗɗan aikin Hajjin 2022. Nan take katin ya zama takarda mai daraja ga maniyyata da fatake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a Mayu 2023, amma darasin yana nan. An kawar da shan inna na daji daga Afirka a 2020 ne bayan sarakuna da malamai sun shiga gaba. Idan wata annoba ta zo, ya kamata hukumomi su fara da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, su kai allurar bakin rumfuna, domin rufe kasuwa na mako guda ya fi kowace allura tsada.